Daga Diban Gwamna Zuwa Jika 42: Tarihin Mafi Ƙarancin Albashi a Ƙasashen da Muke Fatauci

 A irin wannan fitowa mun saba waiwayen tarihin hanya da kaya da kuɗi: yadda aka bar jaki da raƙumi aka koma mota, yadda iyaka ke rufewa tana buɗewa, yadda naira da sefa ke kokawa. Bana mun ga ya dace mu waiwayi wani tarihi da ba mu cika ɗaukarsa namu ba, wato tarihin mafi ƙarancin albashi.

Wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwa da albashi, tunda ba wata yake jira ba. Amma duk mai shago a Maraɗi ko Damagaram ko Kano ya san yadda kasuwa ke farfaɗowa idan an yi biya, da yadda take yin sanyi idan wata ya yi nisa. Ma'aikaci shi ne mai sayen shinkafarmu da atamfarmu, kuma shi ne rabin sunayen da ke cikin littafinmu na bashi. Ban da haka, mu ma iyayen gida ne. Muna da yaran shago da direbobi da yaran mota da masu gadi, kuma 'yan dako ne ke loda mana suna saukewa. Saboda haka maganar ta shafe mu ta fuska biyu.

Inda maganar ta samo asali

Dokar da ke cewa ga lada mafi ƙanƙanta da za a biya lebura ba tsohuwa ba ce sosai. Ƙasar Niyu Zilan ce ta fara a 1894, jihar Biktoriya ta Ostireliya ta biyo baya a 1896, sannan Ingila ta yi tata dokar a 1909 domin wasu sana'o'i kaɗan da aka ga ana tsotse jinin masu yinsu, kamar ɗinki da ƙirar sarƙa. Amurka sai a 1938 ta kafa nata na ƙasa baki ɗaya, santi 25 a awa.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko, a 1919, aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda masu Ingilishi ke kira ILO, masu Faransanci kuma OIT, mai mazauni a Jeniba. Tsarinta ya bambanta da na sauran ƙungiyoyin duniya, domin kowace ƙasa na tura wakilai kashi uku: na gwamnati, na masu ɗaukar ma'aikata, da na ma'aikatan kansu. Wannan zama na ɓangare uku shi ne har yau ake kwaikwayo a Abuja da Yamai da Akra idan za a tsayar da albashi.

A 1928 ƙungiyar ta zartar da Yarjejeniya mai lamba 26. Ba ta yanke wani adadi ba. Abin da ta ce shi ne, duk ƙasar da ta sa hannu ta kafa hanyar tsayar da mafi ƙarancin lada a sana'o'in da ladansu ya yi ƙasa ainun kuma ma'aikatansu ba su da ƙarfin yin ciniki da iyayen gidansu. Ta ambaci masana'antu, ta kuma ambaci kasuwanci, wato tun farko an sa da mu a cikin lissafin. Ta ƙara da cewa wanda aka biya ƙasa da ƙa'ida yana da haƙƙin neman cikon kuɗinsa a gaban shari'a. A 1949 aka yi Yarjejeniya mai lamba 95 kan kare albashi, wadda ta ce a riƙa biya da kuɗin da ƙasa ke amfani da shi kuma a kan lokaci, kada a tilasta wa ma'aikaci sayayya a kantin ubangidansa. A 1951 aka yi mai lamba 99 domin ma'aikatan gona.

Daga ƙarshe, a 1970, aka yi mai lamba 131, wadda aka tsara musamman da ƙasashe masu tasowa a zuciya. Ita ce ta zayyana abin da za a auna: a gefe ɗaya bukatun ma'aikaci da iyalinsa da tsadar rayuwa, a ɗaya gefen ƙarfin tattalin arzikin ƙasa da bukatar kada ayyuka su ƙare. Ta kuma ce a riƙa sake duba adadin lokaci zuwa lokaci. Duk gardamar da muke ji a rediyo tsakanin gwamnati da 'yan ƙwadago, a kan wannan ma'auni mai kwano biyu ake yinta.

Zamanin Turawa: kafin lada, sai da aka nemi 'yanci

Lokacin da ake rubuta waɗannan takardu a Turai, kakanninmu ba maganar yawan lada suke ba, domin sau da yawa ladan ma babu. A ƙasar Faransa akwai aikin dole, inda ake kwasar mutane gina hanya da bariki da ɗaukar kaya. Wannan na cikin abin da ya sa gidaje da yawa suka tsallaka kudu, kuma wasu daga cikin dangantakar da muke fatauci a kanta yau daga wannan ƙaura ta samo tushe. A ƙasar Ingilishi ma akwai diban gwamna, musamman a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka riƙa kwasar talakawan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos.

Yaƙin ne ya sauya lissafi. Kaya sun yi tsada, lada bai motsa ba. A watan Yuni na 1945 ma'aikatan Nijeriya suka shiga yajin aiki na gama-gari, 'yan reluwe a gaba, da Michael Imoudu a matsayin jagoran da kowa ya sani. Sun yi fiye da kwana 40 suna neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa. Jirgin ƙasa ya tsaya, kuma a zamanin da kayan Kano ke dogara da dogo, tsayawar jirgi tsayawar kasuwa ce. Gwamnati ta kafa kwamitin Tudor Davies, wanda a 1946 ya amince ma'aikata na da gaskiya.

A ɓangaren Faransa, a watan Afrilu na 1946 majalisar Paris ta soke aikin dole da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948 ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma, musamman na layin Dakar zuwa Bamako, suka yi yajin aiki na fiye da wata biyar suna neman a daidaita su da Turawa abokan aikinsu. A ranar 3 ga Nuwamba 1952 aka yi yajin kwana ɗaya a faɗin yankin, kuma a ranar 15 ga Disamba na wannan shekara aka zartar da dokar ƙwadago ta ƙasashen da Faransa ke mulki. Ita ce ta kawo mako mai awa 40, ta kuma kawo abin da har yau ake kira SMIG, wanda Faransa ta kafa wa kanta a 1950. Gwamnan kowace ƙasa ne ke yanke shi, kuma yana bambanta daga shiyya zuwa shiyya. A Nijar, a wannan zamani ne Djibo Bakary ya yi suna ta hanyar sandika kafin ya hau kujerar siyasa.

Daga nan ne hanyoyin biyu suka rabu. Nijar da Cadi da Benin da Kamaru sun gaji adadi da gwamnati ke yankewa da doka tun kafin 'yancin kai. Nijeriya kuwa ta gaji al'adar kafa kwamiti duk lokacin da rikici ya taso.

Nijeriya: daga kwamiti zuwa doka

Nijeriya ta shiga ILO a 1960, ta amince da Yarjejeniya mai lamba 26 a 1961, amma sai da aka yi shekara 20 kafin a sami doka ɗaya ta ƙasa. A tsakanin nan an yi kwamitin Morgan, wanda jan ƙafa wajen aiki da rahotonsa ya jawo yajin gama-gari na Yuni 1964. An yi na Adebo bayan yaƙin basasa. Sai kuma wanda dattawanmu ba su manta ba, wato Udoji. Rahotonsa ya fito a 1974, aka biya ƙarin tare da bashin watannin baya a 1975. Kuɗi suka malalo kasuwa a lokaci guda, aka yi ta sayen rediyo da babur da yadi, farashi kuma ya tashi bai sake saukowa ba. 'Yan kasuwa sun ci riba a wannan shekara, amma manomi da ɗan dako, waɗanda ba su karɓi ko kwabo ba, su ma sun sayi kaya a sabon farashi.

A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, ƙungiyar NLC ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta yi yajin aiki a watan Mayu, kuma a wannan shekara aka yi dokar mafi ƙarancin albashi ta farko ta ƙasa baki ɗaya: naira 125 a wata. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 50 ba. Daga nan adadin ya yi ta hawa: naira 250 a farkon shekarun 1990, naira 5,500 a 2000 zamanin Obasanjo, naira 18,000 a 2011 zamanin Jonathan, naira 30,000 a 2019 zamanin Buhari, sai naira 70,000 a watan Yuli na 2024 zamanin Tinubu, bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023. Dokar 2019 ta rage iyakar nan daga ma'aikata 50 zuwa 25, gyaran 2024 kuma ya ce a riƙa sake duba adadin duk shekara uku maimakon biyar.

Wanda ya kalli jerin nan zai ce ma'aikaci ya yi arziki. Mu da muke canji mun san ba haka ba ne. A 1981 naira ta fi dalar Amurka daraja, kuma naira 125 ta kai wajen dala 200 a farashin gwamnati. Naira 70,000 a ranar da aka sa hannu a kanta ba ta kai dala 50 ba. Adadi ya ninka sau 560, amma abin da yake saye ya ragu.

Nijar da sauran maƙwabta

Nijar ta shiga ILO a 1961, ta karɓi Yarjejeniya mai lamba 26 a wannan shekara, sannan a 1980 ta amince da mai lamba 131. Kamaru ta riga ta a 1973. Amma sa hannu daban, motsa adadi daban. SMIG na Nijar ya tsaya ƙasa da jika 19 tun daga 1980, ya shafe fiye da shekara 20 a wurin. A cikin wannan tsayuwa ne aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Duk wanda ke shigo da kaya ta Kwatano a lokacin yana tuna yadda farashi ya juye cikin dare ɗaya, ga kuma watannin da ma'aikatan gwamnati suka riƙa bin bashin albashi a shekarun nan. Littattafanmu na bashi sun shaida.

A 2012, shekarar da aka yi sabuwar dokar ƙwadago, aka kai SMIG sefa 30,047. Ya daɗe a nan kafin daga baya ya koma sefa 42,000, wato jika 42. A Benin an ɗaga shi daga 40,000 zuwa 52,000 a farkon 2023. A Cadi 60,000 ne tun 2011. Kamaru a 2023 ta raba nata gida uku: 41,875 ga ma'aikatan gwamnati da ke ƙarƙashin dokar ƙwadago, 45,000 ga aikin gona, 60,000 ga sauran sassa. Gana kuma a kan yini take lissafi, kwamitin ɓangare uku ne ke yankewa kusan kowace shekara, kuma a 2024 sidi 18.15 ne a rana.

Ga abin da ya kamata ɗan kan iyaka ya lura da shi. A 1981, idan aka canza naira 125 a farashin gwamnati, ta ninka SMIG na Nijar fiye da sau biyu. Shi ya sa samari daga Tawa da Damagaram da Maraɗi suka riƙa kwarara kudu neman aiki, har zuwa korar baƙi ta Janairu 1983. A tsakiyar 2024 kuwa, naira 70,000 ba ta kai jika 30 ba, wato SMIG na Nijar ya wuce na Nijeriya. Dalili shi ne sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, naira kuwa an sake ta tana yawo. Ba wata doka ce ta juya wannan lissafi ba, canji ne. Shi ya sa yau magini ko tela ko direba daga Katsina ko Sakkwato yake so a biya shi da sefa, kamar yadda iyayenmu suka taɓa so a biya su da naira.

Waɗanda dokar ba ta kai gare su ba

Duk wannan tarihi na mutane kaɗan ne. A ƙasashenmu mafi yawan masu neman abinci ba su da takardar ɗaukar aiki. A Nijeriya dokar da kanta ta cire wurin da bai kai mutum 25 ba, ta cire mai aikin ɗan lokaci, da wanda ake biya a kan kamasho ko a kan yawan abin da ya yi, da masu aikin damina. Da wuya a sami ɗan ƙungiyarmu da dokar ta hau kansa. A Nijar da sauran ƙasashen sefa, a rubuce SMIG ya shafi duk wanda ya ɗauki ma'aikaci, amma jami'an duba aiki kaɗan ne, kuma ba su cika leƙa rumfar kasuwa ba. ILO da kanta ta gane wannan giɓi, shi ya sa a 2015 ta fitar da Shawara mai lamba 204 kan yadda za a jawo masu sana'ar da ba ta da rajista cikin inuwar doka.

Mu dai muna da namu tsarin da ya girmi duk waɗannan dokoki. Yaro yana shiga hannun ubangida, a ci da shi, a tufatar da shi, a yi masa magani, a yi masa aure, ranar da ya isa a sallame shi da jari. Da yawa daga cikin manyanmu ta wannan ƙofa suka shigo, kuma babu SMIG da zai ba mutum abin da ubangida nagari ya ba su. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, tsarin yana tsaye ne a kan amana kaɗai. Duk mun san yaron da ya yi shekara goma a shago, ubangida ya rasu ba wasiyya, magada suka ce ba su san da wani alkawari ba. Mun san direban da aka yi ciniki da shi da naira, kafin ya dawo daga Kwatano kuɗin sun zube. Mun ga 'yan dakon Jibiya da Ɗan Isa da Illela da Ƙonni lokacin da aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan Yuli 2023. Mu mun ci daga jari, su kuwa ranar da mota ba ta zo ba, tukunya ba ta hau wuta ba.

Abin da tarihin ya bar mana

Abu na farko, babu inda gwamnati ta wayi gari ta ƙara lada don ra'ayin kanta. A 1945 da 1952 da 1964 da 1981, sai da mutane suka haɗa kai suka yi magana da murya ɗaya. Mu da muka kafa ƙungiya saboda matsalar duwan da kwastan da shingayen hanya mun fi kowa sanin haka, don haka bai kamata mu ɗauki ƙungiyar 'yan dako ko ta direbobi abokiyar gaba ba idan ta zo neman a zauna.

Na biyu, adadi ba ya riƙe darajarsa. Abin da ya kare ma'aikaci shi ne a riƙa sake dubawa a kan lokaci, kuma wannan ne Yarjejeniya mai lamba 131 ta nace a kai. Mu kan sauya farashin buhu sau uku a mako idan canji ya motsa. Ladan mai ɗaukar buhun sau nawa muke dubawa a shekara?

Na uku, ƙarin albashi yana iya ƙarewa a aljihun ɗan kasuwa, kamar yadda aka gani a zamanin Udoji. Idan muka ɗaga farashi ranar da aka yi shelar ƙari, tun kafin kuɗin su shiga hannun kowa, to mun cinye ƙarin, mun kuma cuci wanda ba a ƙara wa komai ba.

Saboda haka muke kawo shawara huɗu gaban shugabanni da sauran 'yan uwa, a tattauna su a babban taro. Duk wanda ya ɗauki yaro, a rubuta alkawarin a gaban shaidu biyu, da shekarun da zai yi da abin da za a sallame shi da shi, a ajiye kwafi a ofishin ƙungiya. Duk cinikin lada da direba ko yaron mota mai tsallaka iyaka, a faɗi da wane kuɗi za a biya tun kafin mota ta tashi. Wanda ke biyan albashin wata, ya ɗauki mafi ƙarancin albashin ƙasar da shagonsa yake a matsayin ƙasan ma'auni, ko da doka ba ta tilasta masa ba. Sannan reshen kowace tasha ya zauna da shugabannin 'yan dako sau ɗaya a shekara, bayan kaka, a sake duba kuɗin lodi da sauke.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan ƙungiya, ya ƙara wa shugabanninmu lafiya da haƙuri, ya buɗe mana hanyoyi, ya sa albarka a cinikinmu da ladan waɗanda ke yi mana aiki. Allah ya maimaita mana.